Filin Tambayi Likita: Haƙoran Inna na ƙasa sun ƙi zama

TAMBAYA: Salamu alaikum likita, ina gajiya. Dan Allah innata ce aka yi ma haƙoran roba sama da ƙasa, na saman ba laifi amma na ƙasan nan wlh ko tuwon hatsi take ci sai sun motsa, in tana magana su taso, har ta daina cin abinci gaban mutane wajen biki. An ce wai akwai wani ƙarfe da ake dasawa ya riƙe su, gaskiya ne? Kuma tsohuwa za ta iya?
Daga wata 'yar uwa, unguwar Birni, Damagaram

AMSA: Wa alaikumus salam 'yar uwa, Allah ya ƙara ma Inna lafiya. Abin da kika ji gaskiya ne, kuma ba lalle wanda ya yi haƙoran ne ya ɓata aiki ba. Na sama suna manne ma ganɗa ne, na ƙasa ko ba su da wurin kamawa, ga harshe yana ta tura su, ga ƙashin muƙamuƙi tun da aka rasa haƙora yake ta zaizayewa kaɗan kaɗan.

Ƙarfen sunansa implan, da titaniyom ake yin shi, kamar ɗan ƙaramin noti. Ba sabon abu ba ne, tun 1965 wani likitan Suwidin, Brånemark, ya fara dasa ma mutum. Kuma ba kowane haƙori ne sai an yi mai nashi ba, guda 2 a gaban muƙamuƙin ƙasa yawanci sun isa, haka ma taron masana na jami'ar McGill a Kanada ya ba da shawara a 2002. Ana kashe wurin da allura a dasa, a jira wajen wata 3 ƙashi ya kama, sannan a sa ma haƙoran abin da zai riƙa shiga yana ɗafewa kamar maɓallin riga.

Tsufa ba ya hanawa. Abin da ni nake tsoro shi ne ciwon suga da ba a kula da shi ba, da taba, har ta garin nan da tsofaffinmu ke dannawa a baki, su ke sa dashen ya ƙi kamawa. To a fara gwada suga, a yi radiyo, wato hoton ƙashi, a ga ko akwai sauran ƙashin da zai riƙe dashen. Ku je wajen likitan haƙori na babban asibitin Zinder ya duba ta ya faɗa muku inda ake yi, don aikin akwai tsada kuma sai an yi ta komawa.

Bayan an yi ma kullum da dare sai ta cire haƙoran ta wanke, ta goge kan ƙarfen da buroshi, 'yar robar da ke cikin haƙoran, mai ɗafe ƙarfen, tana cinyewa ana canzawa.

In kuɗi ba su kai ba yanzu, a mayar da haƙoran a ƙara cika cikinsu su dace da dasashi, akwai kuma man manna haƙora a farmasi. Amma dan Allah kar a sa gam na kasuwa. Goro kuma a riƙa goga mata a magogi.