Amsa ga ƙanenmu da rubutun rigunansa ya ɓare bayan wanki

Assalamu alaikum. Ƙanena, sai da na karanta tambayarka sau biyu kafin na iya amsawa, domin abin da ka bayyana shi ne ya taɓa hana ni barci kusan wata guda. Ka ce ka buga wa wata Islamiyya riguna 80 na bikin sauka da farar tawadar filastisol, ka bi su da hitgan, wato na'urar hura iska mai zafi, har suka daina kama hannu, amma da aka yi wankin farko rubutun ya tsattsage ya fara ɓarewa, ga malamai suna neman kuɗinsu. Allah ya mayar maka da alheri.

Tawadarka ba ta dahu ba, shi ne kawai. Filastisol roba ce, iska ba ta busar da ita ko da za ta shekara a kan riga, sai zafi ya ratsa ta tun daga sama har inda ta kama zare, ya kai kimanin digiri 160 a ma'aunin Salshiyas. Samanta kuwa yana daina danƙo tun zafin bai kai haka ba, nan ne take yaudarar mutum. Kamar ƙosan da aka jefa a man da ya yi zafi da yawa ne, bayansa ya yi ja, cikinsa ɗanye. Fara ta fi kowace wahalar dahuwa, saboda yawanci da raga mai lamba 43T, wato ragar bugu mai manyan ƙofofi, muke buga ta, mu kuma maimaita ja don ta rufe launin rigar, sai ta yi kauri.

Ni tawa ta same ni ne a shekarata ta biyu da buɗe shago a wajen Ƙofar Ƙaura. Wani ɗan kwangila ya kawo mini jajayen riguna 250 na wasannin wata makaranta, ya ce shi ya sayo su da kansa a Kantin Kwari, ya ba ni kwana uku, ya ajiye kashi ɗaya cikin uku na kuɗin a matsayin kafin alƙalami. Zumuɗin babban aiki ya hana ni ko duba takardar da ke wuyan rigar, ashe poliyesta ce zalla. Ni da yarana biyu muka kwana biyu a tsaye, janareto yana ta kuka, ina bin kowace riga da hitgan kamar yadda ka yi. Inda hannuna ya daɗe, zafi ya tayar da rinin rigar ya shiga cikin tawadar, bayan 'yan kwanaki farin ya koma ruwan hoda. Inda hannuna ya yi sauri kuma tawadar ba ta dahu ba, ta bi ruwan wanki.

Mutumin nan bai kira ni a waya ba, bai ja ni gefe ba. Sai da ya bari aka sauko daga sallar La'asar layin ya cika, sannan ya zo a napep da buhu biyu ya zazzage su a ƙasa a ƙofar shagona. Ya ɗaga riga ɗaya sama yana kankare harafi da farcensa yana nuna wa mutane, yana cewa ruwan alli na shafa musu, ni maha'inci ne. Yarana suna tsaye suna kallona, tela maƙwabcina yana ba shi haƙuri, ni kuwa bakina ya mutu, domin ni kaina ban san abin da ya ɓata aikin ba. Har yau idan na tuna yadda ƙaramin yarona ya durƙusa yana tsince rigunan daga cikin ƙasa yana kakkaɓewa, sai in ji zuciyata ta yi nauyi. Babur ɗina na sayar na biya shi. Daga baya na ji cewa tuni ya karɓi cikakken kuɗin riguna masu kyau daga makarantar, ya je ya zaɓo mafi arha. Laifin rashin dahuwa nawa ne, ban musa ba, amma tozarcin da ya yi mini ya wuce laifin. Har yanzu muna haɗuwa a wajen ɗaurin aure, ya miƙo mini hannu kamar babu abin da ya faru.

Kai dai kada ka jira a zo maka da buhu. Ka je da ƙafarka wajen shugaban makarantar, ka amsa laifinka, ka roƙi a tattaro maka rigunan. Duk wadda ba a wanke ba tana da gyara: ka nemi mai injin gasa riga, ko da haya ne, a shimfiɗa takardar teflon, wadda ke jure zafi ba ta manne wa tawada, a kan rubutun, a danna a digiri 160 na kimanin daƙiƙa 30 zuwa 45. Waɗanda suka riga suka ɓare kuwa sai dai ka sake su, ka ɗauki asarar. Ka duba ko auduga ce kafin a danna, idan akwai poliyesta a ciki ka fara gwadawa da guda ɗaya, don akwai tawadar da aka yi musamman mai dahuwa a zafi kaɗan saboda irin wannan yadin.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne na yi shekara uku a hannun maigidana bai taɓa faɗa mini wannan ba. Wani dattijo mai sayar da tawada a Sabon Garin Kano ne ya nuna mini, ya kama rubutun da hannu biyu ya ja, ya ce idan ya miƙe tare da yadin ya koma, da alama ya dahu, idan ya tsage to da saura. Minti biyu bai cika ba ya koya mini abin da na sayar da babur a kansa. Wannan ɓoye sani da muke yi wa juna a garin nan, wai kada yaro ya ƙwace maka kasuwa, shi yake sa a kwashi ayyukanmu a kai Kano. Gwajin jan rubutun ma ba ya isa shi kaɗai. Ni yanzu riga ba ta fita shagona sai na wanke guda ɗaya da omo, na cuɗe ta sosai, ta bushe na gani. Idan mutum ya kawo yadinsa da kansa, a takarda muke rubutawa cewa shi ya kawo, kuma ba na zuba tawada sai na karɓi fiye da rabin kuɗi.

A lokacin hunturu, ka kula da ƙura idan ka shafa kotin, wato sinadarin da ake shafa wa raga don fitar da zane, ita ce take barin ƙananan ramuka da tawada ke ɗigowa ta cikinsu. Ni a cikin tsohon kabad nake busar da firam ɗin ragar, a rufe. Idan kuma ka koma tawadar ruwa don gudun filastisol, ka sani iskar hunturu tana busar da ita a cikin raga kafin ka gyara riga ta gaba, kuma ita ma sai an gasa ta.

Ka ɗauko hoton jikin gwangwanin tawadar da na takardar wuyan rigar ka turo mini. Idan ka rasa injin gasawa, ka kawo su shagona ranar Asabar da safe kafin a ɗauke wuta, ka zo da yaro ɗaya mai ninkewa.