Takardar Aikin Asibiti Ta Wata Shida: Shin Gwamnati Na Karɓarta?

Tambaya: Assalamu alaikum Malama. Na kammala sakandare, sai wani asibiti mai zaman kansa a unguwarmu ya ce zai koya mini aikin taimaka wa likita cikin wata shida, ya ba ni takarda. Mahaifina na shirin sayar da tumakinsa ya biya, ni kuwa hankalina bai kwanta ba.

Amsa: Wa alaikumus salam 'yata. Ki roƙi Baba ya dakata da sayar da tumakin, domin wannan takarda ba za ta samar miki lasisi ko aikin gwamnati ba. Hanyar da doka ta sani ita ce kwalejin fasahar lafiya, irin ta Kano ko Jahun ko Kankiya, inda ake yin JCHEW (karatun ƙaramin ma'aikacin lafiyar al'umma) shekara 2, ko CHEW (karatun cikakken ma'aikacin lafiyar al'umma) shekara 3, wanda ke buƙatar kiredit biyar a Turanci, Lissafi, Bayoloji, Kemistiri da Fiziks. Hukumar rajistar ma'aikatan lafiyar al'umma ta Najeriya (CHPRBN), wadda aka kafa a 1992, ita ke shirya jarrabawar ƙarshe ta ba da lasisi, don haka kafin ki biya ko sisi, ki tabbatar ta amince da makarantar.

Abin da ke ƙona mini rai kullum shi ne yadda mutanenmu suka ɗauka duk wanda ya iya allura da ƙarin ruwa ya zama likita. Tsira allura ai cikin mako guda ake koyonsa. Sanin wanda bai kamata a yi masa ba shi ke cin shekaru. Ana kawo mana yaro yana jan ƙafa saboda an soki jijiya a ɗuwawu, iyaye suna ta cewa shan inna ce. Ana ɗaura wa yaro mai tamowa ledar ruwa a tsakar gida, an rataye ta jikin ƙusa, alhali zuciyarsa ba za ta iya ɗauka ba. Masu waɗannan asibitoci sun san haka sarai, ma'aikata na kyauta kawai suke nema, a sa musu fararen kaya, ranar da aka yi ɓarna kuma yarinyar za a miƙa wa 'yan sanda. Ko mai CHEW da lasisinta tana da littafin ƙa'idojin aiki da ya iyakance mata abin da za ta duba da wanda za ta tura gaba.

Batun aiki kuwa, akwai asibitocin matakin farko, da rigakafi, da awon ciki, da ƙungiyoyin agaji, sai dai gwamnati na jan ƙafa wajen ɗauka, da yawa sukan daɗe suna aikin sa-kai. Bayan kin samu gogewa, kina iya tafiya asibitin koyarwa, kamar na Jami'ar Ahmadu Bello, ki yi CHO, wato karatun zama jami'ar lafiyar al'umma, matakin da ke gaba da CHEW.