Me Ya Sa Matar Makbet Ta Riga Mijinta Karyewa?

TAMBAYA: Malam, barka da aiki. Muna karanta wasan Makbet na Shekspiya, kuma kashi na biyar ya ɗaure mini kai. Matar ce ta zuga mijin ya kashe Sarki Dankan, har tana yi masa gorin rashin mazantaka. To, me ya sa ita ce ta zautu, shi kuwa da aka ce masa ta mutu ko hawaye bai yi ba? Daga wata ɗaliba.

AMSA: 'Yata, koma daren kisan a kashi na biyu. Makbet ne ke rawar jiki, yana ganin ko ruwan teku ba zai wanke jinin hannunsa ba. Ita kuwa ta ce ɗan ruwa kaɗan ya isa. Amma a daren nan ta yi wata suɓutar baki: da sarkin bai yi kama da mahaifinta ba a cikin barci, da ita za ta kashe shi. Tun daga nan na daina yarda da taurin zuciyarta. Danne tausayin ta yi, ba ta kashe shi ba.

Abin da ta danne da rana shi ya fito da dare. Likita da mai yi mata hidima sun laɓe, sai ga ta da kyandir, ido buɗe amma barci take. Ta riga ta ba da umarni kada a raba ta da haske, matar da a farkon wasan take kiran duhu ya zo ya rufe aikinta. Tana ta murza hannu, mai hidimar ta ce takan kai kwata na awa tana haka. Tana mamakin yawan jinin tsohon, wato Dankan, tana jin ƙarninsa, tana cewa duk turaren ƙasar Larabawa ba zai kore shi ba. Har matar Makdaf, ɗaya daga cikin hakiman ƙasar, ta ambata, wadda ba da shawararta aka kashe ba. Likitan ya ce wannan ciwo ya fi buƙatar malamin addini.

Shi kuwa ya bi ta wata hanya. Bayan kisan Dankan, ya sa an kashe abokinsa Banko, sannan iyalin Makdaf, kuma kowane kisa ya fi na baya sauƙi. Da ya ji kururuwar mata a fadarsa ta Dansinen, da bakinsa ya ce ya kusa manta ɗanɗanon tsoro. Ba jarumta ba ce, zuciyar ce ta bushe. Shi ya sa mutuwar matarsa ba ta fito da komai daga bakinsa ba sai cewa rayuwa surutu ce marar ma'ana. Ni a ganina azabarsa ta fi tata, don ita tana iya jin ciwon.

Abin da ya rage masa alkawarin mayu ne: babu wanda mace ta haifa da zai cutar da shi, kuma ba za a ci shi da yaƙi ba sai dajin Banam ya taso. Sojojin Malkom, ɗan Sarki Dankan, suka sari rassa suka rufe kansu, daji ya taso. Makdaf kuma, wanda ya kashe shi, farke cikin uwarsa aka yi aka ciro shi. Mayun ba su yi ƙarya ba, shi ya ji abin da yake son ji.

Kada dai ki rubuta wannan a jarrabawar tarihi. Makbet na gaske ya mulki Sikotilan daga 1040 zuwa 1057, kuma a fagen yaƙi Dankan ya mutu, ba a kan gado ba.