Wace tsaraba zan kai wa Baba a gidan kula da tsofaffi?

Tambaya: Assalamu alaikum Malama. Mahaifina yana da shekara 79, ya daɗe yana zaune a Ingila. Bara ya samu shanyewar ɓarin jiki na dama, ga shi da ma yana fama da suga da hawan jini. Da ɗawainiyar ta fi ƙarfinmu sai muka kai shi gidan kula da tsofaffi, kuma tun ranar hankalina bai kwanta ba. Yana shan warfarin, maganin hana jini daskarewa, ruwan shansa ma sai an zuba wani gari ya yi kauri. Salla ta matso, gwaggonmu a Kano za ta aiko da kilishi da dabino da zuma da shadda, da wani maganin shanyewar jiki da ta saya, ta ce in riƙa ba shi a ɓoye kada ma'aikata su hana. Me zan kai masa, me zan bari? Ina tsoron in cutar da shi da hannuna.

Amsa: Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Allah ya ba Baba lafiya, ya saka miki da alheri. Tsoron nan naki yana kan hanya, domin a cikin kayan da kika lissafa akwai wanda zai iya kai shi asibiti a daren da ya sha shi.

Bari mu fara da abin da zai amfane shi. Tunda ɓarin dama ne ya shanye, duk abin da za ki saya ki tambayi kanki: zai iya sarrafa shi da hannun hagu kaɗai? Shadda mai aiki a wuya ki ajiye ta sai ranar salla. Wankin gidajen nan na inji ne da ruwan zafi, wanki biyu zai kashe ta. Abin da zai sa kullum shi ne jallabiya mai laushi, mai faɗin hannu, wadda ake buɗewa ta gaba, da rigar sanyi mai zif ko manyan maɓallai. Ki ɗinka sunansa a wuyan kowace riga, in ba haka ba ta shiga ɗakin wani. Wajen sa masa, hannun da ya shanye ake fara zurawa, wajen cirewa shi ne na ƙarshe. Takalmi kuwa kada ki yarda da silifas. Ƙafar da ba ta ɗaguwa sosai tana jan ƙasa, silifas ya zame, mutum ya faɗi, kuma faɗuwar mai shan warfarin ba irin ta kowa ba ce. Ki nemi mai rufaffiyar dunduniya, mai mannewa maimakon igiya, wanda ƙasansa ba ya santsi. Safa ta zama marar matse ƙwauri saboda sugan.

Abin da ya fi damun dattawanmu a irin wuraren nan ibada ce da kaɗaici. Ki kai masa dutsen taimama mai santsi, daidai tafin hannu, ki gaya wa ma'aikata amfaninsa don kada mai shara ta zubar. Ki manna alamar alƙibla a bango, daga Ingila tana kudu maso gabas. Agogo mai kiran salla yana da amfani ƙwarai, domin tazarar lokutan salla tsakanin bazara da hunturu a can tana rikita ko mai lafiya. In Alƙur'ani za ki saya, ki tuna da ruwayar da ya tashi da ita. Dattijon da ya yi makarantar allo a Kano galibi Warshu ya sani, in kika ba shi Hafsu zai yi ta tuntuɓe, ya ɗauka ƙwaƙwalwarsa ce ta ƙara lalacewa. Ki samo mai manyan baƙi wanda aka raba juzu'i-juzu'i, don babban kundi ba ya riƙuwa da hannu ɗaya. 'Yar rediyo mai manyan maɓallai da ake sa wa katin ajiya, ki cika ta da karatun da yake so da muryoyin jikokinsa suna gaishe shi. Ki ajiye komai a gefensa na hagu, domin wasu bayan irin wannan ciwo ba sa ganin abin da ke ɓarin da ya shanye.

Shanyewar ɓarin dama takan zo da matsalar magana, kuma wani lokaci Turancin da mutum ya koya da girma shi ke fara kufce masa. Kwali ɗaya mai hotuna, da rubutun Hausa da fassararsa, ruwa, bayi, ciwo, sanyi, salla, zai rage masa takaici fiye da kaya masu tsada. Turaren wuta ki bar shi a gida, na'urar hayaƙi za ta tayar da gidan gaba ɗaya, turaren shafawa ya wadatar. Kada ki kai robar ruwan zafi ko bargon lantarki, fatar da ba ta ji za ta ƙone bai sani ba. Duk abin da ake jonawa a wuta ki nuna wa ofis kafin ki jona.

Kilishi ma ba zai iso ba. Doka ta hana matafiyi shigo da nama ko kayan madara Birtaniya daga Nijeriya, za a ƙwace a filin jirgi. Ko da ya iso, ba na bakin Baba ba ne. Garin da ake zuba masa a ruwa alama ce cewa haɗiyarsa ta samu matsala, ruwa tsararo yana iya bi ta hanyar numfashi ya sauka a huhu, wani lokaci ba tare da ko tari ba, sai bayan kwana biyu zazzaɓi da ciwon huhu su bayyana. Ana auna laushin abinci da kaurin abin sha da matakai daga 0 zuwa 7. Ki tambayi nas matakin da aka rubuta masa, ki tsaya a kai. Kilishi, goro, gyaɗa, busasshen dabino mai ɓawo, duk sun fita. Fura mai gudaji a cikin nono tsararo tana cikin mafi haɗari, saboda ruwa da tauri ne a loma ɗaya. Kunu tatacce mai kauri daidai matakinsa yana yiwuwa, yana zaune a miƙe, ya kuma ci gaba da zama kamar rabin sa'a bayan ya gama. Ruwan zamzam da rubutu ma ruwa ne, sai an kaurara su kamar sauran. Zuma kuwa tana ɗaga suga, a tambayi nas gwargwadon da zai iya.

Yanzu ga maganar da ta fi ci mini rai, maganin gwaggo. Kusan kowane gida na mutanenmu akwai mai cewa ai na gargajiya ne, itace ne, in bai yi magani ba ba zai yi illa ba. Wannan magana ƙarya ce, kuma ta kwantar da dattawa da yawa. Warfarin magani ne mai ƙunƙuntar iyaka. Shi ya sa ake yawan ɗibar jinin Baba ana gwajin INR mai auna tsawon lokacin da jini ke ɗauka kafin ya daskare, wanda ga yawancin masu shansa ake so ya tsaya tsakanin 2 da 3. In ya yi ƙasa, jini ya daskare, wata shanyewar ta biyo. In ya haura, jini ya ɓalle a ciki ko a ƙwaƙwalwa. Ko abinci na yau da kullum yana motsa wannan awo. Ganye kore irin alayyahu da zogale suna da bitamin K mai rage ƙarfin warfarin, don haka wanda aka fara ɗura wa garin zogale cokali-cokali kwatsam, awonsa zai iya faɗuwa. Tafarnuwa da citta in aka tattara su da yawa suna iya ƙara zubar jini. To ina ga jarka marar suna, wadda mai haɗa ta kaɗai ya san abin da ke ciki?

Kuma ba itace kaɗai ke ciki ba a lokuta da dama. An sha kama haɗe-haɗen da ake sayarwa da sunan na gargajiya an daka ƙwayoyin asibiti a ciki, irin su diclofenac na kashe ciwo da dexamethasone na rage kumburi. Dabarar ke nan: mara lafiya ya sha, ciwon gaɓoɓi ya lafa, cin abinci ya buɗe, fuska ta ciko, dangi su ce magani ya karɓe shi, a sake aika kuɗi. A ƙarƙashi kuwa diclofenac yana cin bangon ciki yana taɓa ƙoda, a haɗe da warfarin jini ne zai zuba. Dexamethasone yana harba suga da hawan jini sama, in an daɗe ana sha aka tsaya kwatsam jiki ya rushe. Jiƙon da aka sa wa kanwa gishiri ne zalla ga mai hawan jini. Ƙodar ɗan shekara 79 mai suga ba ta da sauran ƙarfin tace wannan. Garin neman gira a rasa ido.

Masu tallan nan na Facebook da TikTok da ke rantsuwa za su tayar da shanyayye cikin sati biyu, sun san ba gaskiya suke faɗa ba. Shanyewar jiki mutuwar wani sashe ne na ƙwaƙwalwa da jini ya yanke masa. Babu jiƙon da ke rayar da shi. Abin da ke dawo da motsi shi ne atisayen da masu gashin ƙashi ke sa shi, a maimaita kullum har sauran ƙwaƙwalwar ta koyi aikin. Kada lambar NAFDAC, hukumar kula da abinci da magunguna ta Nijeriya, a jikin kwalba ta ruɗe ki, ba shaida ba ce cewa maganin yana warkar da abin da aka rubuta, kuma babu wanda ya gwada shi tare da warfarin.

Mafi muni a maganar gwaggo shi ne a ɓoye. Kowace ƙwaya da Baba ke sha a rubuce take a takardar magungunansa. In awon jininsa ya rikice, likita zai duba takardar, bai ga dalili ba, sai ya ƙara ko ya rage warfarin a kan abin da bai sani ba. Ran da jarkar ta ƙare, adadin da aka gyara ya zama guba. Ma'aikatan nan ba gaba suke da al'adarmu ba. Ko man habbatussauda kike son ba shi, ki kai kwalbar a nuna wa mai harhaɗa magunguna, a rubuta, a kuma duba ko haɗiyarsa za ta ɗauka, domin mai in ya shiga huhu illarsa babba ce. Addu'a da tofi babu mai hana ki, ki zauna a gefensa ki yi iya yinki.

Gwaggo ƙauna ce ta sa ta, don haka ki yi mata magana da ladabi. Ki ce likitansa ya ce maganin jinin da yake sha ba ya haɗuwa da kowane jiƙo, ki roƙe ta ta aiko da hula da carbi mai manyan 'ya'ya da saƙon muryarta a madadinsa. In kuma har an riga an ba shi wani abu a baya, ko sau ɗaya ne, ki gaya wa nas yau, ki kai ragowar, kada kunya ta hana ki. Idan kika ga bayan gidansa ya yi baƙi kamar kwalta, ko dasashi na jini, ko haɓon da ya ƙi tsayawa, ko tabon jini a fata ba tare da bugu ba, ko ciwon kai mai tsanani farat ɗaya, ko barcin da ba a iya tashinsa, kada ki jira zagayen likita. Ki kira nas nan take, a buga lambar gaggawa ta Birtaniya, 999.