Tambaya da Amsa: Sauyin yanayi sai jikokinmu ne za su gani?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni manomi ne a gefen kogin Galma. Ana ta maganar sauyin yanayi, ana cewa gwamnati ta tashi tsaye. To ai na ji an ce abin a hankali yake zuwa, kuma ruwa na Allah ne. Mene ne na gaggawa?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Ruwa na Allah ne, babu ja. Amma zancen a hankali ɗin nan shi ne yake hana ni barci.

Katangar zauren gidanmu a cikin birnin Zariya ta ƙasa ce. Ta yi shekaru tana shan ruwan damina, muna ganin tsagar da ta yi, muna cewa sai kaka a gyara. Wani dare na watan Agusta ta zube gaba ɗaya, Allah ya sa yaran da ke kwana nan sun koma ciki. Haka masana suke jin tsoro game da yanayi: ya daɗe yana jiƙewa, sannan ya kife cikin 'yan shekaru.

Iskar da ke kawo mana damina daga tekun Atlantika take tasowa. A cikin tekun akwai wata igiyar ruwa mai kwasar ruwan ɗumi zuwa arewa, kuma ƙanƙarar tsibirin Girinlan, can arewacin duniya, da ke narkewa tana iya rage mata ƙarfi. In igiyar ta yi rauni sosai, damina za ta iya janyewa kudu ta bar mu. Dattawanmu sun ga irin wannan a farin 1973, lokacin da shanu suka yi ta faɗuwa a hanya. Tafkin Chadi ma ya ƙafe da kusan kashi 90 cikin ɗari tun shekarun 1960. Wani lokaci kuma ruwan ne yake yawa: ambaliyar 2022 ta ci rayuka sama da 600 a Najeriya, a Satumban 2024 madatsar Alau ta ɓalle, Maiduguri ta kwana cikin ruwa.

Wannan ya fi ƙarfin mai fartanya. Annabi Yusuf, alaihis salam, da ikon hukuma ya tara hatsin shekara bakwai. Mu ma muna da dokar sauyin yanayi tun 2021, aiki muke jira. A binciki madatsun ruwa kafin damina, a yashe magudanan Tudun Wada da Sabon Gari, a hana gini a bakin kogin Kubanni. Hasashen da hukumar kula da yanayi ta ƙasa, NiMet, ke fitarwa duk shekara ya kamata ka ji shi da Hausa a rediyo kafin ka zuba iri. Abin da ya fi yi mini ciwo, ga cibiyar binciken noma ta IAR nan Samaru, tana da irin masara mai nuna da wuri, mai jure fari, amma manomi na kusa da ita yana shuka abin da ya rage a rumbu.

Kai kuma, ka je Samaru ka nemi irin tun kafin ruwan farko. In ɗan majalisarku ya zo gaisuwa, ka tambaye shi nawa aka ware wa magudanan ruwa a kasafin bana.