Tambaya da Amsa: Me ya sa aka karya kwanar Tamburello, kuma za a iya mayar da ita?

Tambaya, daga wani mai karatu a Zariya: Assalamu alaikum. Shekara uku ke nan ina kallon tseren motoci na Formula 1. Kwanan baya na ci karo da tsohon bidiyon tseren Imola na ƙasar Italiya, na ga motoci suna shan wata kwana a guje ba ko birki, wai ita Tamburello. Amma a tseren yanzu wurin duk lanƙwasa ne, dole a rage gudu. Tsofaffin masu kallo kuma suna ta ƙorafin wai an kashe filin. Me ya faru ne? Kuma tunda motocin yanzu sun fi ƙwari, me zai hana a mayar da kwanar yadda take?

Amsa: Wa'alaikumus salam, Malam. In ka sake buɗe bidiyon nan, ɗauke idonka daga motar ka dubi hannun daman direba. Za ka ga ɗan zirin fili, sai katangar kankare, sai bishiyoyi. Abin da kyamara ba ta nuna maka shi ne bayan bishiyoyin nan kogi ne, ana kiransa Santerno. Tambayoyinka duka biyun, amsarsu tana bakin kogin nan.

Tamburello ta da doguwar kwana ce zuwa hagu, jim kaɗan bayan layin tashi. Direba ba ya ɗaga ƙafa daga totur, yana shan ta da gudun kilomita 300 a sa'a ko sama da haka, wato kamar mita 83 a duk daƙiƙa. Abin da masu kewarta ba su cika faɗa ba shi ne, kwanar ba ta da wuyar sha. Gwani da ɗan koyo duk a take suke wuce ta, muddin motar lafiyarta ƙalau. Matsalar ita ce ranar da wani abu ya karye. A ranar babu birkin da zai cece ka, don tsakanin kwalta da kankare 'yan mitoci ne.

Kuma abubuwa sun yi ta karyewa. A 1987 Nelson Piquet ya daki katangar da motar Williams a lokacin gwaji bayan tayarsa ta samu matsala. Likitan gasar, Farfesa Sid Watkins, ya hana shi shiga tseren, Piquet kuma daga baya ya ce ganinsa bai koma daidai ba tun daga ranar. A 1989 fiffiken gaban Ferrari ta Gerhard Berger ya karye, motar ta miƙe ta daki bango, ta tsaya, man da ya jiƙa ta ya kama ci da wuta yana ciki. 'Yan kwana-kwana suka iso cikin daƙiƙoƙi suka kashe, ya tsira da ƙuna a hannu da karaya a haƙarƙari. Michele Alboreto a 1991 da Riccardo Patrese a 1992 su ma nan suka yi nasu haɗarin wurin gwajin mota. Duk sun rayu, kuma rayuwar tasu ita ta sa aka yi sake.

Berger ya sha ba da labarin cewa bayan haɗarinsa, shi da Ayrton Senna, direba ɗan Birazil, sun taka da ƙafa har kwanar don su ga ko za a iya matsar da katangar baya. Suka leƙa bayanta, suka ga kogi, suka juyo a kan babu yadda za a yi. Babu wanda ya kawo a ransa cewa tunda katanga ba ta matsuwa, titin ne ya kamata a taɓa. Shekara biyar bayan haka, daidai wurin Senna ya gamu da ajalinsa.

Ƙarshen makon tseren Imola na 1994 da Senna ya mutu a cikinsa sai an bi shi kwana-kwana kafin a gane firgicin da ya biyo baya. Ranar Juma'a 29 ga Afrilu motar Rubens Barrichello ta tashi sama ta daki shinge a kwanar Variante Bassa da ke dab da layin tashi, aka ɗauke shi a sume. Ranar Asabar fiffiken motar Roland Ratzenberger, ɗan Ostiriya, ya karye yana gudun sama da kilomita 300, ya daki katangar kwanar Villeneuve, wadda ke bin Tamburello, ya mutu. Rabon da direba ya mutu a ƙarshen makon tseren Formula 1 tun 1982. Ranar Lahadi 1 ga Mayu, wurin tashi, Pedro Lamy ya daki motar JJ Lehto da ta mace a layi, tarkace ya tsallake shinge ya ji wa 'yan kallo rauni. Da aka ci gaba, a zagaye na bakwai, Williams ɗin Senna ta ƙi shan Tamburello ta miƙe. Cikin ƙasa da daƙiƙa biyu ya sauke gudun daga kusan 310 zuwa 210 da ɗoriya, fili ya ƙare. Tayar gaba ta dama da ƙarfen da ke riƙe da ita suka dawo suka same shi a ka. A cikin motar an tarar da tutar Ostiriya a naɗe, wadda ya yi niyyar ɗagawa don Ratzenberger in an gama. Senna mutum ne da ya ci kambun duniya sau uku, a 1988 da 1990 da 1991. Birazil ta yi makokin kwana uku. Shari'ar da aka yi a Italiya ta ja shekaru, kotun ƙarshe a 2007 ta tsaya a kan cewa sandar sitiyari ce ta karye, kodayake har yau akwai masu jayayya da hakan.

Mako biyu bayan Imola, Karl Wendlinger ya yi haɗari a Monako ya kwashe kwanaki bai farfaɗo ba. Daga nan hukumar FIA mai kula da tseren motoci a duniya, a ƙarƙashin Max Mosley, ta shiga gyara ta ko'ina, direbobi kuma suka farfaɗo da ƙungiyarsu. Wasu gyare-gyaren na gaggawa ne har da ban dariya: a Basalona tulin tayoyi aka jibge a tsakiyar titi don a tilasta rage gudu. Ihu bayan hari ne, amma wani lokacin ihun ke hana hari na biyu.

Da aka dawo Imola a 1995, an karya Tamburello zuwa hagu, dama, hagu, an zuba tsakuwa mai faɗi a gabanta. Irin wannan lanƙwasa ta rage gudu ita ake kira shiken, kuma ga masu son tsohuwar kwanar sunan ya dace, don a wurinsu shi ke nan. Villeneuve ma haka aka yi mata. Dabarar mai sauƙi ce: tunda ba a iya tura bango cikin kogi, sai a ja titin ciki a samar da fili a gabansa, a kuma sa motar ta riga ta ci birki kafin ta fuskanci bangon.

To, ƙorafin masu kallo fa? A ganina yana da gaskiya, amma ba ta inda suka fi kama shi ba. Masu cewa an cire kwanar da ke gwada jarumtar direba, na riga na faɗa maka ba jarumta take gwadawa ba, sa'a take gwadawa. Asarar ta gaskiya tana gaba da kwanar. A da, tun daga layin tashi har matsattsiyar kwanar Tosa ba a ɗaga ƙafa. Na baya yana maƙale a bayan na gaba yana shan inuwar iskarsa, sai a bakin Tosa ya fito ya jinkirta birki ya wuce, a gaban tudun da magoya bayan Ferrari ke cika maƙil da jajayen tutoci. Shiken biyu suka yanka wannan doguwar sukuwa gida uku, titin kuma ga shi siriri. Wuce mota ya zama aiki. A 2005 Michael Schumacher ya fi Fernando Alonso gudu nesa ba kusa ba, ya cim masa saura zagaye goma sha wani abu, amma ya rasa ta inda zai bi, Alonso ya ci da tazarar da ba ta kai rabin daƙiƙa ba. Da shekara ta zagayo aka juya: Schumacher a gaba, Alonso a baya yana neman hanya bai samu ba. Wasu na lissafa tseren biyu cikin mafi daɗi, wasu na cewa jerin gwano ne kawai. Ni na kalli na 2005 zuciyata tana bugawa, amma na san dalilin da ya sa ba a wuce ba.

Akwai wata hujja ta masu ƙorafi da ta fi ƙarfi, kuma ita ce kusan taka. Suna cewa ba bangon ne ya kashe Senna ba, taya ce, don jikinsa daga wuya zuwa ƙasa bai samu karaya ba. Tun daga lokacin an ɗaga gefen mazaunin direba a 1996, an ɗaure tayoyi da igiyoyi a 1999, an wajabta matokarin wuya na HANS a 2003, an kafa ƙarfen halo a saman kai a 2018. Da irin wannan mota yake ciki, mai yiwuwa da ƙafarsa zai fito. Ban musa ba. A Bahrain a 2020 Romain Grosjean ya huda shingen ƙarfe da gudun kilomita 192, motar ta rabe biyu ta kama wuta, ya fito da ƙuna a hannuwa. Sai dai ƙarfin karo ba ya hawa daidai da gudu, ninkawa yake: in gudu ya ninka biyu, ƙarfin ya ninka huɗu. Karo a 300 ya kai kusan ninki biyu da rabi na wanda Grosjean ya sha. Motar 2025 kuma kilo 800 ce da direba, ta 1995 kilo 595. Ƙari a kan haka, a gyaran da aka yi bayan 2006 an cire Variante Bassa daga hanyar motoci, don haka yanzu tun daga kwanar Rivazza da ke kafin ta ake tako totur har bakin Tamburello. Mota tana iya jure bango, ƙwaƙwalwar da ke cikin ƙoƙon kai ita ce ba a canza mata komai ba. Kada kuma a manta ba Formula 1 kaɗai ke hawa filin ba. Ana tseren babura a kansa, mai babur kuwa rigar fata da hular kwano ne duk garkuwarsa.

In kana son ka tabbatar kogin ne ya yanke hukunci, dubi filin tseren Spa na Beljiyam. A 1994 ɗin nan ita ma shahararriyar kwanarta Eau Rouge an sa mata shiken, masu kallo suka yi ca. Shekara guda aka cire, don a can akwai ƙasar da za a faɗaɗa gefen titi. Bayan mutuwar Anthoine Hubert a tseren Formula 2 ranar 31 ga Agusta 2019 a saman hawan Raidillon da ke haɗe da Eau Rouge, wasu suka ce a karya kwanar. Ba a karya ba. Kafin kakar 2022 aka fafe tudu, aka matsar da shinge baya, har tsohon gidan katakon da ke kallon kwanar aka rushe, siffar kwanar kuwa aka bar ta. A wasu kwanonin ma tsakuwa aka mayar inda a da aka malala kwalta, abin da ya yi wa masu kallo daɗi, don tsakuwa tana hukunta mai kuskure, kwalta kuwa fita kake ka dawo abinka. Duk da haka a 2023 matashi Dilano van 't Hoff ya mutu cikin ruwan sama 'yan ɗaruruwan mitoci gaba da wurin, muhawarar ta sake tashi.

Inda nake tare da masu ƙorafi ɗari bisa ɗari shi ne batun hanyar tseren Hockenheim ta Jamus. A 2002 aka datse ta daga kusan kilomita 6.8 zuwa 4.5, aka farfashe dogayen titunan cikin daji aka shuka bishiyoyi a kai. An ambaci tsaro, amma kujerun 'yan kallo da talabijin da kuɗi sun fi yawa a lissafin. Wannan dabam yake da Imola, kuma haɗa su a kwando ɗaya shi ke rage wa ƙorafin nauyi.

Batun mayar da Tamburello kuwa, sai an samu lasisin FIA mai daraja ta ɗaya kafin fili ya karɓi Formula 1, kuma masu duba fili suna auna gudun kowace kwana da faɗin filin da ke gabanta. Tsohuwar kwanar ba za ta tsallake wannan awo ba sai an karkatar da Santerno ko an gina a kansa, alhali filin a cikin gari yake, gidaje da lambun shaƙatawa na jama'a sun kewaye shi. Kogin kuma ba na wasa ba ne: a watan Mayun 2023 ambaliya a yankin Emilia-Romagna ta cika shi har aka kwashe ma'aikata daga filin, aka soke tseren shekarar gaba ɗaya. Formula 1 da ta dawo Imola a 2020 bayan rabuwar shekara goma sha huɗu ta yi tserenta na 2025, filin kuma ba ya cikin jadawalin 2026. A cikin lambun, daura da kwanar, akwai mutum-mutumin Senna na tagulla da aka kafa a 1997, yana zaune kansa a sunkuye, shingen wayar da ke kusa da shi cike da tutocin Birazil da riguna da wasiƙun maziyarta.