Sunan aro a intanet: wa yake ɓoyewa, wa ya riga ya san ka?

Saƙonnin da suka iso mini a makon nan kusan duk sun taru a kan magana ɗaya, wato suna. Na ɗauki huɗu daga ciki, na kuma cire sunayen masu tambayar kamar yadda wasu suka roƙa.

Daga wani malamin lakwal a Garin Malam: Malam, zagi da ƙage sun yi yawa a Facebook. Yaro ƙarami zai ɓuya bayan hoton zaki ya ci mutuncin dattijo sa'an kakansa. Me zai hana gwamnati ta yi doka, kowa ya riƙa rubutu da sunansa na yanka?

Malam, na fahimci ɓacin ranka, ni ma ina ganin abin da kake gani. Sai dai an riga an gwada wannan maganin a wata ƙasa, kuma ya kamata ka ji yadda ta kaya.

A shekarar 2007 Koriya ta Kudu ta tilasta wa manyan shafukanta su tantance mutum da lambarsa ta ɗan ƙasa kafin ya rubuta ko da kalma ɗaya. A 2009 aka faɗaɗa dokar ta shafi duk shafin da mutum 100,000 ke ziyarta a rana. Dalilinsu irin naka ne, a kawo ƙarshen cin zarafi da jita-jita. To amma duk kamfanin da aka ce ya tantance mutane, an ce masa ke nan ya tara sunayensu da lambobinsu a rumbu ɗaya. A watan Yulin 2011 ɓarayin intanet suka fasa rumbun shafukan Nate da Cyworld, suka kwashi bayanan mutum kusan miliyan 35, a ƙasar da jama'arta kimanin miliyan 50 ne a lokacin. A watan Agustan 2012 kotun tsarin mulkin ƙasar ta soke dokar, babu alƙali ko ɗaya da ya saɓa. Cikin hujjojinta har da cewa ba a ga munanan rubuce-rubuce sun ragu yadda za a ce kwalliya ta biya kuɗin sabulu ba, kuma mutane sun yi ƙaura zuwa shafukan ƙasashen waje da dokar ba ta kai gare su. Gyaran gangar Auzinawa ke nan.

Ƙasar Sin ta bi hanyar har ƙarshe. Dokarta ta tsaron intanet da ta fara aiki ranar 1 ga Yunin 2017 ta wajabta wa kamfanoni su san ainihin mai kowane asusu. Kana iya sa sunan da ka ga dama a fili, amma kamfani da hukuma suna riƙe da na gaskiyar. Jamus kuwa ta karkata ɗaya ɓangaren: dokarta ta daɗe tana cewa a bar mutum ya yi amfani da sunan aro inda hakan zai yiwu, har babbar kotun tarayyarsu ta yanke hukunci a Janairun 2022 cewa Facebook ba zai tilasta wa waɗanda suka buɗe asusu kafin Mayun 2018 sa sunansu na gaskiya ba.

Ra'ayina, Malam, shi ne irin wannan doka ba ta taɓa wanda kake nufi. Duba masu zagin da kyau. Da yawansu da sunansu da hotonsu suke yi, har da lambar waya a ƙasa, don ba kunya ce ta ishe su ba balle ɓuya. Wanda dokar za ta tsirara shi ne matar da ta gudo daga mijin da ke dukanta, da ma'aikacin da ya ga ana sayar da buhunan tallafi yana son ya faɗa ba tare da ya rasa abincinsa ba, da mai ciwon da yake jin nauyin tambaya a gaban mutane. A gari irin Damagaram, inda in ka faɗi sunan mutum da na mahaifinsa wani zai nuna maka ƙofar gidansu, suna cikakke daidai yake da adireshi.

Daga wata baiwar Allah a Birni: Ina sayar da turaren wuta da humra a WhatsApp da Facebook, da sunan sana'a nake amfani, ban taɓa sa fuskata ba. Amma wani ya dame ni da kira cikin dare, shekaranjiya har ya faɗi kalar ƙofar gidanmu. Ta ina ya san ni?

Ƙanwata, Allah ya tsare ki. Kafin komai, ki sanar da wani babba a gida yau ɗin nan, kada ki riƙe wannan ke kaɗai. Mutumin da ya kai ga kwatanta ƙofar gida ya wuce wasa.

Ba sai ya iya kwamfuta ba kafin ya gano ki. Lambarki ita ce babbar ƙofa. A yawancin rukunonin WhatsApp da kike ciki, kowa a ciki yana ganin ta, ko da ba ku taɓa gaisawa ba. In ya sa lambar a manhaja irin Truecaller, za ta iya nuna masa sunan da wasu suka adana ki da shi a wayoyinsu, kuma sau da yawa mutanenmu da unguwa suke haɗawa, “wance mai turare Birni”. In da lambar kika buɗe Facebook ɗinki na asali, mai ɗauke da 'yan uwa da hotunan biki, Facebook da kansa yana iya kawo masa ke cikin jerin mutanen da yake zaton ya sani. Sai kuma hotunan kayan. Na sha ganin 'yan kasuwa sun jera kwalabe a tsakar gida sun ɗauka, ga ƙofa, ga lambar babur ɗin yayansu, ga hasumiyar masallacin unguwa ta leƙo ta saman katanga. Ɗan gari ba ya buƙatar fiye da haka. Akwai kuma ɗan kabu-kabun da ke kai miki saƙo, wanda ana iya tambayarsa cikin hira ya faɗa ba da wata mugunta ba.

Wani abin da mutane ba su cika sani ba: kyamarar waya tana iya rubuta wurin da aka ɗauki hoto a cikin hoton kansa. In kin tura shi a matsayin hoto, WhatsApp yana goge wannan bayanin. In kin tura shi a matsayin takarda, wato “Document”, don kada ya dusashe, bayanin yana tafiya tare da shi. Ki shiga saitin kyamara ki kashe alamar wuri.

Ki ware layi na sana'a daban da na gida. A saitin sirri na WhatsApp ki mayar da hotonki da wanda zai iya sa ki a rukuni zuwa waɗanda kika adana lambarsu kaɗai, ki kuma kunna tabbatarwa mai mataki biyu, wadda ke neman lambobi 6 da ke kaɗai kika sani. Kaya kuma a riƙa karɓa a wani shago a kasuwar Dole ko bakin titi, ba a gida ba. Shi kuwa mai kiran, kada ki goge komai nasa. Ki ɗauki hoton saƙonnin da lambarsa da ranar da awa suna fitowa, sannan ki toshe shi, ku kai kwamisariya ke da wanda kika sanar. Layin da yake kiranki da shi akwai sunan wani a kansa.

Daga wani matashi a wata fada ta Kara-Kara: Babban yaya, na buɗe asusu da sunan bogi kuma ina kunna VPN. Abokina ya ce yanzu ko aljani ba zai gan ni ba. Gaskiya ne?

Ƙanena, abokinka ya yi maka romon baka. Babban abin da VPN yake sauyawa shi ne adireshin da wayarka ke fita da shi zuwa intanet. Bai goge lambar da ka karɓi saƙon buɗe asusun da ita ba, kuma wannan layin, ko na Airtel ne ko Moov ko Zamani ko Niger Telecom, da katin shaida aka yi masa rajista. Tun a ƙarshen 2013 hukuma ta sa aka rufe layuka kusan miliyan 1.7 a Nijar saboda rashin rajista. Bai kuma sauya yadda kake rubutu ba, ko abokan da ke fara danna maka alamar so, waɗanda duk 'yan fadarku ne. VPN na kyauta kuwa, ka dai ɗauke amanarka daga kamfanin waya ka miƙa wa wani da ba ka san ko a wace ƙasa yake ba. Haka ma rubutun “ba suna” da Facebook ke bari a yi a wasu rukunoni: shugabannin rukunin suna ganin sunanka sarai.

Ka san dokar da ke kanka kuma. Nijar tana da dokar laifukan intanet tun watan Yulin 2019. A 2022 an cire ɗauri a kan ɓata suna da zagi, amma a watan Yunin 2024 aka maido da shi: shekara 1 zuwa 3 a kan ɓata suna ko zagi ta intanet, shekara 2 zuwa 5 a kan yaɗa abin da ake ganin zai tada hankalin jama'a, ban da tarar miliyoyin sefa. Kalmar “yaɗa” ɗin nan ka riƙe ta, don tura sautin murya daga rukuni zuwa rukuni ma yaɗawa ce, ko ba kai ka yi shi ba. Sunan aro yana da amfaninsa, yana raba ka da idon maƙwabci da na mai gidan da kake wa aiki. Iyakarsa ke nan.

Daga wani dattijo a Zango: Wani yaron maƙwabta ya ari katina ya yi rajistar layi da shi bara. Akwai matsala?

Akwai, Baba. Duk abin da aka yi da layin nan, damfara ce ko barazana, sunanka ne zai fara fitowa, kai za a fara nema kafin a nemi yaron. Ka ɗauki katinka ka je ofishin kamfanin da kanka, ba wurin masu laima a bakin hanya ba, ka ce a duba maka layukan da ke kan sunanka. In yaron na kirki ne, ku tafi tare da nasa katin a mayar da layin sunansa. In ya fara kawo uzuri, gobe jibi, ka ce a rufe.